Ko ka sani? Kan alade, jikin maciji: daga dutsen Sin zuwa ramin dabgi

Mutanen Damargu sun san Sinawa ta matatar man SORAZ da ke kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, wadda aka buɗe a 2011. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a arewa maso gabashin ƙasarsu an taɓa yin wasu mutane masu girmama wata dabba mai kan alade da jikin maciji, har suna binne manyansu da siffarta. Sinawan yau suna kiranta zhulong. Masu tonon tarihi suna kiran zamanin mutanen da al'adar Hongshan, wadda ta rayu daga wajen shekara 4700 zuwa 2900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Liaoning da Mongoliya ta Ciki.

Siffar ba ta da girma, yawancinta tafin hannu ya ishe ta. Kai ƙato, hanci dakakke mai tamoji, idanu dara-dara, kunnuwa a tsaye. Daga wuya zuwa ƙasa babu ƙafa babu hannu, sai jiki sumul da ya lanƙwashe ya zama zobe, wutsiya ta kusa taɓa baki. A gadon baya akwai ƴar huda ta zura igiya, alamar ratayawa ake yi. Da wani dutsen ado mai tsananin tauri suka yi ta, a zamanin da ba su da kayan aikin ƙarfe, sai dai a yi ta goga dutsen da yashi har siffar ta fito. A 1984, a wani wuri mai suna Niuheliang, an buɗe wani kabari aka tarar da guda biyu a ƙirjin mamacin.

Mutanen ba su bar rubutu ba, don haka masana ne ke ta fassara. Wasu sun ce alade alamar wadata ne ga manomi, maciji kuma alamar ruwa, shi ya sa aka haɗa su don roƙon damina. Wasu sun ce kan ma ba na alade ba ne. Amma da yawa suna ganin ita ce kakar dodon nan mai dogon jiki da Sinawa ke zanawa har gobe, wanda tatsuniyoyinsu suka ba ikon ruwan sama da koguna. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma macijin da ya fi sani a tarihi, Sarki na rijiyar Kusugu a Daura, ruwa ya tsare.

A zahiri irin wannan dabba ba ta yiwuwa. Alade haihuwa yake yi ya shayar da nono, jikinsa kuma da ɗuminsa. Maciji da zafin rana yake ɗumama jiki, kuma ba ya shayarwa. Barbara ba ta haɗa su. Abu ɗaya na gaske da ke tsakaninsu shi ne jikin alade yana da wata kariya daga dafin da ke kashe jijiya, irin na gamsheƙa, kuma bushiya da tunku da dage su ma suna da irinta.

To amma in ana neman dabbar da za a rantse haɗa ta aka yi daga sassan wasu, ba sai an je Sin ba. Dabgi ya isa. Dabbar Afirka ce kaɗai, daga bakin Sahara zuwa kudancin nahiyar, ko'ina akwai gara da tururuwa da ƙasar da za ta tonu. Makiyayin Tenhiya ko na Belbeji zai iya tsufa a daji bai taɓa sa shi a ido ba, don sai dare ya raba yake fitowa, ga shi kuma namun daji sun ja baya ƙwarai a wannan yanki.

Dogon hanci mai faifai a ƙarshe irin na alade, kunnuwan jaki, baya a gantsare, fata mai kauri da gashi tsilli-tsilli, wutsiya mai kauri a gindi tana sirancewa zuwa ƙarshe. Babba yakan kai kilo 60, wani ya wuce. Harshensa siriri ne mai danƙo, tsawonsa ya kai santimita 30, kuma nan ne mai neman maciji a jikinsa zai same shi. Yatsu huɗu a ƙafar gaba, biyar a ta baya, kowane da farce mai faɗi. Haƙoransa ma abin kallo ne: babba ba shi da ko ɗaya a gaban baki, sai turame a can ciki, marasa saiwa, marasa farin rufin da namu ke da shi, suna cinyewa suna sake tsirowa har ya mutu. Turawan da suka zauna Afirka ta Kudu sun ɗauke shi wani irin alade ne. Binciken jini ya nuna ba dangin alade ba ne ko kusa. Danginsa na nesa su ne giwa, da ayu na kogin Kwara, da rema mai zama cikin duwatsu.

Idonsa ba ya gani sosai, hanci ne jarinsa. Yana tafe hanci a ƙasa, yana karkata dama da hagu, har ya ji ƙanshin gara. Surin da mutum zai sha wuya da diga kafin ya fasa, dabgi zai buɗe shi cikin ɗan lokaci, ya toshe ƙofofin hancinsa don ƙura, ya zura harshe. A dare guda yana iya lashe ƙwari har 50,000, cizon sojojin gara kuwa ba ya ratsa fatarsa. Ba ya cinye gida ƙarƙaf. Ya ci ya wuce, garar ta gyara, wata rana ya dawo. Macen tana ɗaukar ciki wata bakwai ta haifi ɗa guda, tsirara, mai nauyin kusan kilo biyu, wanda a wata shida ya iya tona nasa ramin.

Ramin nan shi ne inda alade da maciji suke haɗuwa da gaske. Dabgi yana tona gidan da tsawonsa ke kai mita 13, da ƙofa fiye da ɗaya, kuma ba ya daɗewa sai ya bar shi ya tona wani. Gadu, wato mugun dawa, duk da haurensa bai cika tona wa kansa gida ba, kangon dabgi yake nema. Ƴaƴan sukan faɗa da kai, babban kuma ya shiga da baya, haure na kallon ƙofa, duk wanda ya biyo shi ya gamu da su. Mesa ita ma irin wannan rami take so ta yi ƙwai, daga 20 zuwa sama, ta naɗe su da jikinta wajen wata uku har su ƙyanƙyashe. Beguwa da kura da dila da damo duk ƴan haya ne a gidan dabgi, ba wanda ya taɓa biya. Sai a yi tunanin maharbin da ya ga gadu ya shige rami da magariba, ya dawo bayan kwanaki ya ga wutsiyar mesa tana sulalewa cikin ramin nan. Ba wuya labarin ya isa gari da kan alade da jikin maciji. Mai son ganin ukun a daji guda, dabgi da gadu da mesa, gandun dajin W da ke kudu maso yammacin Nijar yana da su.

Mu ma mun jingina wa dabgi abin da ba nasa ba. An rubuta cewa bokayen ƙasar Hausa sukan haɗa laya da zuciyarsa da fatar goshinsa da faratansa, wai mai ita zai ratsa bango da dare ba a gan shi ba, kuma ɓarayi ne manyan masu saye. Wannan zance ne kawai. Dabgi da ƙarfin kafaɗa da farce yake shigewa ƙasa, kuma in an kashe shi an yi laya, ɓarawon dai sai ya haura katanga kamar kowa.

Ban da maharbi, fari ma yana yi wa dabgi babbar illa. Masu bincike na Jami'ar Witwatersrand sun bi dabgi shida a hamadar Kalahari, sai fari ya faɗo a 2013. Biyar suka mutu. Ba zafi ne ya kashe su kai tsaye ba, yunwa ce: ciyawa ta ƙone, gara da tururuwa suka ɓace, dabbobin suka rame har suna fitowa da rana tsaka suna shan hantsi don jikinsu ya kasa riƙe ɗumi. Wanda ya ji labarin farin 1973 da na 1984 daga bakin dattawan Damargu ya san abin da irin wannan shekara ke yi wa daji. Kuma idan dabgi ya tafi, masu kwana a raminsa ma sun rasa gida.

Saboda haka makiyayi ko matafiyi, in ka ci karo da babban rami a daji da tulin ƙasa a bakinsa, ka janye raƙumi da shanu gefe, don rufin yakan rufta ya karya ƙafar dabba. Kada ka zura hannu, kada ka bar yaro ya leƙa, kuma da sassafe kada ka tsaya daidai ƙofar, don gadu da gudu yake fitowa.