Maganin Sankara Da Zubewar Gashin Kai

Ranar da likita ya gaya wa mace cewa za a fara yi mata ƙarin ruwan maganin sankara, wanda ma'aikatan asibiti suke kira kemo, akan faɗa mata abubuwa da yawa: tashin zuciya, kasala, ɗacin baki da raunin jini. Amma sau da yawa maganar da takan bi ta har gida, ta hana ta barci, ita ce cewa gashin kanta zai zube. Ga wanda bai san darajar kitso wurin 'ya mace ba, sai ya ga kamar ƙaramin abu ne in an gwada shi da cutar da ke neman rai. Matar da ta saba zama gaban makitsiya tun tana 'yar yarinya, a yi mata shuku ko kalaba ranar salla, ita ta san abin da za ta rasa.

Wannan al'amari kuwa ya shafi gidaje masu yawa. Ƙididdigar da sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar game da shekarar 2022 ta nuna an sami sababbin masu cutar fiye da 120,000 a Nijeriya, fiye da 30,000 daga cikinsu kuwa sankarar mama ce. Da yawansu sukan ƙare a manyan asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya, da na Kano, da Sakkwato, da Badun, da Ikko, da kuma Asibitin Ƙasa na Abuja.

Dalilin zubewar gashin a sarari yake. Ƙwayoyin sankara suna hayayyafa da sauri ƙwarai, saboda haka aka shirya magungunan su riƙa kai wa duk ƙwayar halittar da ke saurin rabuwa farmaki. To, saiwar gashi tana cikin wuraren da suka fi saurin hayayyafa a jikin ɗan Adam, tare da ɓargo da fatar cikin baki da ta hanji. A kan mutum akwai silin gashi wajen 100,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna cikin tsiro a kowane lokaci. Maganin ba ya tantance wace ce ƙwayar cuta wace ce ta gashi, sai ya haɗa su duka ya buge.

Ba dukan magungunan ne suke yin haka ba. Waɗanda suka yi suna wajen kakkaɓe kai su ne doxorubicin, watau jan ruwan nan da kan sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu, da cyclophosphamide, da paclitaxel, da docetaxel, waɗanda kuwa su ne aka fi bai wa masu sankarar mama. Wasu magungunan rage gashin kawai suke yi. Shi kuwa ƙona cutar da hasken na'ura, wanda abin mamaki shi ma mutane gashi suke ce masa, ba ya zubar da suma sai a daidai wurin da aka haska.

Yawanci zubewar takan fara ne mako biyu zuwa uku bayan ƙarin ruwa na farko. Fatar kai takan yi tsami ko ƙaiƙayi, sa'an nan a wayi gari a ga gashi a kan matashi, ko ya biyo mataji dunƙule-dunƙule. Wani lokaci gira da gashin ido da na hanci ma sukan bi, har mutum ya riƙa yoyon hanci ba mura ba. Namiji yakan sami sauƙi ta wajen kai, tun da aski da hula al'adarsa ce, amma dattijon da ya ga gemunsa na shekara talatin yana kakkaɓewa shi ma yana bukatar a lallashe shi.

A nan ne babban haɗari yake. Idan ba a yi wa iyali bayani tun da wuri ba, da zarar sun ga kai ya zama ƙwal sai zance ya tashi: wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce hannun kishiya ne, wata gwaggo ta ce maganin Turawa ne yake cinye ta, a kwashe ta a kai ƙauye wurin mai magani. Alhali ƙarin ruwan a jere ake yin sa, sau da yawa kowane mako uku, har sau shida ko takwas, kuma wanda ya yanke a tsakiya ya ba cutar damar sake yin ƙarfi. Bayan wata biyar a komo da ita asibiti ciwon ya bazu, an yi asarar kuɗin da aka sayar da gona aka tara, an kuma yi asarar lokacin da ba ya komowa. Ya kamata miji da uwa da surukai su ji daga bakin likita tun ranar farko cewa zubewar gashi aikin maganin ne, ba alamar cutar ta tsananta ba ce.

Ma'aikatan jinya sukan ba da shawarar a tsefe kitso a rage gashin da almakashi tun kafin ya fara zuba, domin ganin gajere yana faɗuwa ya fi sauƙi a zuciya, kuma yara a gida sukan saba da sabuwar kamar mahaifiyarsu sannu a hankali. Sai dai a guji askar wanzami da reza. A kwanakin maganin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan ragu, haka ma masu daskarar da jini, saboda haka ɗan yanka kaɗan yana iya zama gyambo. Duk mai shan kemo da zafin jikinsa ya kai awo 38, asibiti za a nufa da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

A bar kitso mai tsauri, da rini, da man miƙar da gashi. A wanke kai da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a shafa man kaɗanya saboda bushewa. Kan da ba shi da gashi rana takan ƙona shi, hunturu kuma ya ratsa shi, don haka hular auduga mai laushi a ƙarƙashin kallabi ta fi leshi ko yadin roba masu kawo zufa. Ta wannan fuska matar da ta saba da ɗankwali da mayafi ta tsere wa takwararta ta Turai, domin tana iya zuwa biki ko kasuwa babu wanda ya lura. Wahalarta tana cikin ɗaki ne, lokacin da za ta tuɓe kallabi gaban maigida. Mijin da ya kau da fuska a wannan lokaci ya ƙara mata ciwon da babu likitan da zai rubuta wa magani.

Akwai kuma hular sanyaya kai, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2015. Sanyin yakan tsuke jijiyoyin fatar kai, sai maganin da ke isa saiwar gashi ya ragu. Tana da tsada, ba kowa take yi wa aiki ba, kuma ba a sa wa masu sankarar jini. Kada wani ya ce zai kwaikwaye ta da ƙanƙarar leda a gida ba da sanin likita ba.

Ga mafi yawan mutane, gashin yakan fara tsirowa makonni kaɗan bayan ƙarin ruwa na ƙarshe, da fari laushi-laushi kamar na jariri, ya rufe kai cikin wata uku zuwa shida. Yakan zo da wata kama dabam, ko ya fi na da laushi, ko ya zo da furfura, kafin daga baya ya daidaita. 'Yan kaɗan, musamman cikin waɗanda aka bai wa docetaxel, nasu ba ya komowa da cikarsa, kuma hakkin majinyaci ne ya tambayi likita wannan tun kafin a fara. Tun da gashi ba ya wuce tsawon santimita ɗaya da 'yan kai a wata, makitsiya za ta jira kamar wata shida ko fiye kafin ta sami abin kamawa, kuma kitson farko gara a yi shi manya-manya, sako-sako.