Maganin Zafin Ciwo da Takardar Likita a Birnin Kano

A cikin birnin Kano akwai bayin Allah waɗanda ciwo ya zame musu abokin kwana, watau masu amosanin jini, da masu ciwon daji, da tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi. A da, mutum kan aiki yaro kemis ya sayo masa Tramadol kamar mai sayen goro. Yau kuwa hukuma ta ƙuntata wannan ƙofa.

Dalili ba ɓoyayye ba ne, domin samari sun mai da magani abin maye. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin, ta kuma hana shigo da shi. Hukumar NAFDAC ba ta yarda da ƙwayar Tramadol ba sai mai lamba 50 ko 100, ita ma sai da takardar likita. A 2024 kuma aka rufe shagunan masu sarin magani na Sabon Gari, aka umurce su su koma sabuwar kasuwa a Dangwauro, kan hanyar Zariya.

Amma fa wake ɗaya kan ɓata gari. Mai ciwo na haƙiƙa yanzu sai ya tafi Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ya yanki kati, ya bi layi, sa'an nan ya ga likita. Morfin kuwa, wanda ake ba wanda ciwonsa ya tsananta, sai a babban asibiti. Abin da ya fi layi ɗaci shi ne zato. Saurayi mai amosanin jini, ga rama, ga ƙasusuwa suna sara, in ya roƙi magani sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya. Wanda ya gaji da wannan kallo kan koma wurin masu sayarwa a ɓoye, su ba shi mai lamba 225 ta fasa-ƙwauri, wadda kan jawo farfaɗiya, wani lokaci ma ajali.

Saboda haka wajibi ne majiyyaci ya adana katinsa, ya koma asibiti tun maganinsa bai ƙare ba. Kada ya ƙara a kan abin da likita ya ƙayyade, kada ya daina farat ɗaya, kada kuma ya sam wa maƙwabci.

Malamai sun san hukuncin larura daban yake da na shagala, to ya kamata su bayyana wannan a majalisunsu, don kada a haɗa majiyyaci da mashayi a zargi ɗaya. Mai kemis kuwa ya tuna amana ce a hannunsa: ya hana marar takarda, ya sakar wa mai takarda fuska.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya shiryi zuriya, amin.