Yadda makin laifi ke iya raba direba da lasisinsa

Direbobi da dama a Manawashi da sauran unguwannin Gombe sun saba ɗaukar takardar laifi ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a matsayin maganar kuɗi kawai: a biya tara a banki, a karɓi mota, shi ke nan. Sai dai kowane laifi da ke jikin takardar yana ɗauke da maki, kuma makin ba ya gogewa don an biya tara.

Tsarin ya daɗe a rubuce cikin dokar hukumar ta 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012. Abin da ya sauya shi ne hukumar ta ce za ta riƙa tara makin a kan lambar lasisin kowane direba, ta kuma yi hukunci da shi.

Rashin ɗaura bel maki 2 ne da tarar Naira 2,000. Wuce ƙa'idar gudu maki 3, amsa waya ana tuƙi maki 4. Tuƙin ganganci kuwa maki 10 ne da tarar Naira 50,000, haka ma lodi fiye da kima maki 10 ne. Wanda ya tara maki 10 zuwa 14 za a gargaɗe shi, daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasisinsa na wani lokaci, idan ya kai 21 a janye shi.

A nan ne lamarin ya fi shafar direbobin haya. Direban da ke jigila tsakanin Gombe da Bauchi, idan aka kama shi da lodi fiye da kima, aka sake kama shi yana waya, ya kai maki 14. Ranar da ya manta da bel, ya shiga sahun dakatarwa, abincin iyalinsa ya tsaya. Alhali sau da yawa mai motar ne ke matsa masa ya ƙara lodi, amma lasisin direba ne ke ɗaukar makin.

A Birtaniya, maki 12 cikin shekara uku kan jawo haramcin tuƙi na wata shida. Faransa kuwa tun 1992 take zaftare maki daga cikin 12 da ke kan lasisi.

Raunin tsarin a Najeriya a bayyane yake: maki na bin lasisi na gaskiya ne da ke cikin rumbun bayanan hukumar. Mai lasisin jabu ba shi da inda za a rubuta masa, ko da yake tuƙi ba tare da ingantaccen lasisi ba laifi ne mai tarar Naira 10,000.