Yadda Landan Ta Sake Fasalin Kasuwar Sarin Furanninta

LANDAN — Fure haja ce mai gajeren kwana. Da zarar an yanke shi, kowace sa'a da ya yi cikin zafi ko cunkoson motoci tana rage masa daraja. Wannan ne ya sa birnin Landan ya sauya wa babbar kasuwarsa ta sarin furanni mazauni har sau biyu cikin shekaru 43.

Kasuwar ta samo asali ne a dandalin Covent Garden da ke tsakiyar birnin, inda Sarki Charles na Biyu ya ba da izinin cin kasuwa a shekarar 1670. Da tafiya ta yi tafiya, sai ƙananan titunan unguwar suka kasa ɗaukar manyan motocin dakon kaya. A shekarar 1961 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa hukuma ta musamman domin kula da kasuwar, kuma a watan Nuwamban 1974 aka kwashe 'yan sarin furanni da na kayan lambu zuwa unguwar Nine Elms, a kudancin kogin Thames. Tsohon ginin furannin ya zama gidan adana kayan tarihin sufuri a 1980.

Bayan shekaru kusan 40, gine-ginen sabon wurin su ma suka tsufa. Maimakon jiran kuɗi daga baitulmali, sai hukumar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Vinci da St. Modwen. An amince a tsuke kasuwar daga eka 57 zuwa 37, kamfanonin su sake gina ta, su kuma gina gidaje da ofisoshi a eka 20 da suka rage. Wato ƙasar kasuwar ce ta biya kuɗin gyaranta.

A watan Afrilun 2017 masu furanni suka koma sabon gini mai na'urorin sanyaya iska da filin loda kaya, inda ake fara ciniki tun ƙarfe 4 na asuba. Sai dai an gina shi ne a matsayin masaukin wucin gadi, kafin a kammala mazauni na dindindin. Kowace ƙaura kuwa tana da tsada ga ɗan sari, domin sai ya sake kafa rumfa, ya kuma jira abokan cinikinsa su saba da sabuwar hanya.