Wasiƙar Da Ta Ɓace A Waya: Laifin POP Ne

Jama'a, akwai wani kuka da ya yi yawa a makarantunmu da ofisoshin ƙungiyoyinmu na zango. Sakatare zai buɗe imel a waya yana neman wasiƙar da ta iso makonni uku da suka wuce, ta gurbin karatu ko ta tallafi, ya tarar babu ita, sai a hau zargin juna. Sau da yawa ba wanda ya goge kome. Tun ranar da aka haɗa Outlook ko Thunderbird a kwamfutar ofis aka zaɓi POP a maimakon IMAP.

Shi POP, sunansa ma daga gidan waya aka samo shi, kuma halinsu ɗaya da yaron da akan aika da makulli ya kwaso wasiƙu daga akwati. Yana sauke su a kwamfuta guda, kuma bisa tsarin da manhajojin nan biyu suke zuwa da shi, bayan kwana 14 sai a share na rumbun kamfanin da ke riƙe da imel ɗin. A zamanin da layin tarho yake da tsada, wannan dabara ce mai kyau. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, yana barin wasiƙu a rumbun, waya da kwamfuta duka su ga abu ɗaya. Masu Gmail sun ɗan tsira, domin galibi yakan riƙe kwafi. Masu adireshin makaranta su ne abin ya fi shafa.

To, babu wani maɓalli da zai mayar da POP ya koma IMAP, kada a ɓata lokacin nema. Sai an sake haɗa asusun. A nan ne muke jan kunne ƙwarai, domin mai gaggawa yakan cire tsohon asusu tun farko, alhali wasiƙun shekaru ba su ko'ina sai cikin kwamfutar nan. A fara da adana kwafi a filashi. A Outlook, fayil mai ƙarewa da .pst shi ne taskar, a tabbata kwafin yana buɗewa.

Daga nan a hana tsohon asusu ɗauko sababbin wasiƙu, a ƙara sabo, a zaɓi cika bayanai da hannu don kada manhaja ta sake zaɓar mana. Lambar ƙofar IMAP mai tsaro 993 ce, ta POP 995, ta aikawa kuma 465 ko 587. Sunan rumbu sai a tambayi kamfanin. Na Gmail dai imap.gmail.com ne. In Outlook ya ƙi karɓar adireshi ɗaya sau biyu, an iya cire tsohon tunda kwafi yana hannu.

Sauran aiki shi ne jawo tsofaffin wasiƙu zuwa sabon asusun. A yi shi kaɗan kaɗan, ɗari biyu ko uku, saboda intanet ɗinmu ba ta da tabbas, a kuma lura da girman wurin da kamfani ya bayar. Abu ɗaya da ya kamata a gaya wa duk mai riƙe da kalmar sirri: a IMAP, wasiƙar da aka goge a waya ta tafi a kwamfutar ofis ma.