Manoman Abuja a Lura: Ba Kowace Gonar Bakin Rafi Ba Ce Fadama

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, sai neman gonar bakin rafi ya tashi haiƙan a Gwagwalada da Kwali da Kuje da Abaji. Tsadar abinci ta sa ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa sun shiga sahun manoma, kowa na cigiyar fegin da zai kafa lambu ya samu na cefane. Duk wanda aka nuna wa fili ya hango ruwa kusa, sai ya ɗauka ya dace da fadama, ya biya kuɗin haya ko tona ƙasar bai yi ba. Daga nan asarar mutane da yawa take farawa, domin wani ɓangare mai yawa na filayen bakin rafi jigawa ce zalla, kuma noman jigawa daban yake da na fadama.

Yadda ƙasar ta samu

Kogin Usuma da Kogin Gurara, da ƙananan rafukan da ke malala cikinsu, suna ratsa ƙasa mai duwatsu. Ruwa da rana suna farfasa dutsen sannu a hankali ya koma tsakuwa da yashi, igiyar ruwa ta kwaso ta jibge a gaɓa. Da shekaru suka yi ta tafiya, rafin ya ƙara cin ƙasa ya yi zurfi, ya bar tsohon makwancinsa a sama kamar dandamali. Wannan dandamalin shi ne tudun bakin rafi.

Saboda haka wanda ya taso daga bakin ruwa zai taka ƙasa iri uku. Da farko akwai fadamar gaskiya, mai laka da danshi, inda ruwa ke kwanciya kowace damina. Gaba kaɗan, an ɗan hau sama, sai jigawar da muke magana a kai: shimfiɗaɗɗiya, mai haske, mai zurfi, ba ta riƙe ruwa. Can sama kuma sai jar ƙasar tudu, wadda sau da yawa akwai marmara a ƙarƙashinta. Tsakanin ta farko da ta biyu wani lokaci taku kaɗan ne, amma abin da ya yi kyau a wannan sai ya lalace a waccan.

Gwada kafin ka biya

Ba sai da na'ura ba. Ɗebi ƙasar ka jiƙa ta, ka dunƙule a tafin hannu. In ta mulmulu har ta yi tsawo ba ta karye ba, akwai laka. In ta wargaje tana ƙaiƙayi a yatsu, yashi ne ya yi rinjaye. Sannan ka haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 ka dubi bangonsa. Ƙasar da ruwa ya kawo hawa-hawa take, za ka iya samun yashi a sama, laka ko tsakuwa a ƙasa. In ka ga dabbare-dabbaren toka-toka da launin tsatsa, alama ce ruwa yana tasowa har wurin da damina. A ƙarshe ka zuba bokitin ruwa a ramin. Ruwan da ya ɓace kafin ka juya ya gaya maka yawan man da injin ban-ruwanka zai sha.

Alherinta da aibinta

Jigawa tana da daɗin aiki. Fartanya na shiga ba gardama, ana iya huɗa washegarin ruwan sama, saiwa tana tafiya yadda take so, kuma ba a fama da ruɓewar shuka saboda kwanciyar ruwa. A wurare da dama ruwan ƙarƙashin ƙasa bai yi nisa ba. Irin wannan ruwa na kusa shi ne shirin Fadama, wanda gwamnatin tarayya ta fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ya dogara da shi wajen yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban-ruwa.

Aibinta kuwa guda ne, amma ya haifi sauran: rariya ce. Abin da aka zuba mata, ruwa ne ko taki, wucewa yake yi. Abuja na samun ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma mafi yawansa da ƙarfi yake sauka. Manomin da ya watsa buhun yuriya gaba ɗaya a rana guda, aka tafka ruwa da dare, ya yi wa rafi sadaka. Bayan makonni kaɗan sai ya ga masara ta yi rawaya, ya ce an sayar masa da jabun taki, alhali ƙasar ce ba ta riƙe ba. Haka nan in ruwa ya yi fashin kwanaki a tsakiyar damina, gonar jigawa ce ke fara yaushi.

Me ya kamata a shuka?

Masu yin 'ya'ya a cikin ƙasa su ne suka fi jin daɗinta: gyaɗa, dankalin Hausa, rogo, gujiya, aya da karas. Suna girma sumul, kuma cirarsu ba wuya. Wake da riɗi da gero da kankana ma suna yi. Doya, wadda Gbagyi suka shahara da nomanta tun kafin a ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, tana son ƙasa mai laushi, amma mai ƙarfi, don haka ba ta yin kirki a jigawar da ta gaji. Mai haƙuri kuma zai iya dasa yazawa ko mangwaro.

Shinkafar fadama da rake da ayaba kuwa a bar wa laka. Masara tana yi, amma sai an ciyar da ita sosai. Masu tumatir da kuɓewa da yalo su sani cewa tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani, ta fi yaɗuwa a ƙasa mai yashi. In shuka tana yaushi alhali an ba ta ruwa, tuge guda ka duba. Idan saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, kada ka maimaita irin wannan shuka a fegin, ka canza da masara ko gero.

Yadda ake riƙon ta

Takin gargajiya shi ne gaba. Kashin shanu, kashin kaji da ya huce, da ruɓaɓɓen ganye su ne ke sa yashi ya fara riƙe danshi da abinci. Ƙona kara da ciyawa bayan girbi asara ce babba, a bar su su rufe ƙasa. Takin zamani kuma kaɗan-kaɗan ake ba ta: a sa kamfa da wuri, a raba yuriya kashi biyu ko uku, a tona a binne kusa da gindin shuka maimakon watsawa. Gyaɗar da ke yin kwanso ba ƙwaya sau da yawa sinadarin kalsiyam ta rasa, kuma takin supa yana ɗauke da shi. A ban-ruwa, a yi ƙananan fangula, a ba da ruwa kaɗan amma a kai a kai, da safe ko da yamma. A gicciya kunya, kada ta bi gangare, sannan a bar jema ko gamba da itatuwa a gaɓar rafi. Wanda ya nome har bakin ruwa, kwazazzabo zai raba shi da gonar.

Haɗura uku

Na farko ambaliya. Tudun bakin rafi yakan yi shekaru ruwa bai hau shi ba, har mutane su saki jiki su yi gini. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka datse hanyar Abuja zuwa Lokoja, da wadda ta mamaye rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023, sun isa darasi. Tambayi dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka kuma saurari hasashen damina da na ambaliya da hukumomin NiMet da NIHSA ke fitarwa kowace shekara. Sannan a tuna cewa ikon raba filaye a Babban Birnin Tarayya na hannun gwamnatin tarayya ne. Aron gona daban, mallakar fili daban.

Na biyu masu haƙar yashi. Gine-ginen Abuja ba sa ƙoshi da yashi, kuma kuɗin tifa yana da daɗin karɓa. Amma ƙasar saman da aka kwashe a mako guda, jikanka ma ba lalle ya ga dawowarta ba. Ramin da aka bari yana janyo zaftarewar gaɓa, yana tara sauro, yara kuma suna faɗawa.

Na uku gurɓatar ruwa. Yadda taki ke zirarewa, haka maganin feshi da ƙazantar masai ke bi ta cikin yashi su isa rijiya. Kada a haƙa rijiyar sha kusa da salga ko inda ake wanke kwalaben feshi. Rafukan da suka ratso unguwanni masu cunkoso kuma suna ɗauke da ruwan kwata, bai dace a shayar da latas da kabeji da sauran abin da ake ci ɗanye da shi ba.

Kafin ka miƙa kuɗin haya a bana, ɗauki fartanya ka tona, ka tambayi maƙwabtan gona abin da suka saba girba a wurin, sannan ka nemi malamin gona na ƙaramar hukumarka ya duba maka. Aikin yini guda ne, kuma ya fi araha a kan buhun taki ɗaya da zai bi ruwa.