Babbar taya: Ribar da direba ke samu da farashin da yake biya

Idan damina ta kankama, taɓo kan mamaye hanyoyin ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, abin da ke sa wasu direbobi sanya manyan tayoyi.

Girman taya yana rubuce a gefenta. A 265/65 R17, faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, ƙarfen da take zaune a kai kuwa inci 17.

Wanda ya koma 285/70 R17 zai ɗaga cikin motarsa da kusan milimita 27. Amma tayar ta fi ta asali tsayi da kashi 7 cikin ɗari, don haka allurar gudu za ta nuna kilomita 100 alhali motar tana gudun 107. Birki zai yi jinkirin tsayar da ita, shan mai kuma ya ƙaru, a zamanin da aka cire tallafinsa tun Mayun 2023.

Wannan ƙarin kan koma kan manomin rake da tumatir ta kuɗin dako. Taya dabara ce ta wucin gadi. Gyaran hanya kuwa haƙƙi ne a wuyan gwamnati, ya kamata matasa su tambayi wakilansu inda aka kwana.